Haidurojin: iskar da ke kunna wa kanta wuta idan aka sake ta farat ɗaya

Duk wanda ya taɓa aiki da tukunyar gas ya san gargaɗin da ake yi masa: a nisanta ta da ashana, a kashe sigari, kada a bar tartsatsi ya kusance ta. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai akwai iskar gas guda da bai wadatar a kanta ba. Haidurojin da aka matse cikin tukunyar ƙarfe tana iya kamawa da wuta a daidai lokacin da aka buɗe mata hanya da ƙarfi, alhali babu wata wuta a kusa.

A shekarar 2007 wasu masana biyu na cibiyar binciken kare haɗurran wurin aiki ta Birtaniya, Astbury da Hawksworth, sun bi diddigin haɗurra 81 da haidurojin ta tsere ta kama da wuta. A guda 11 kaɗai aka gano abin da ya kunna ta. Sauran 70, wato kashi 86 cikin 100, an rufe bincikensu ba a samu mafari ba. Ba duka ne za a ce iskar ta kunna kanta ba, domin gobara kan cinye shaidar da za ta tona asirinta, kuma ko a sauran nau'o'in gas kusan kashi 65 cikin 100 na haɗurra ba a gano mafarinsu. Amma tazarar ta isa ta sa masana su koma ɗakin gwaji, inda suka tabbatar da abin da idonsu.

Me ya haɗa Wad Haddad da wannan magana?

Wad Haddad gari ne na manoma da ƴan kasuwa a kudancin jihar Jazira ta Sudan, kan hanyar da ta tashi daga Wad Madani zuwa Sinnar, kusa da gaɓar Shuɗin Kogin Nilu. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu na mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a kudu da Sinnar, wasu kuma aikin audugar Jazira da aka fara a 1925 ne ya kawo iyayensu. Babu gidan sayar da haidurojin a nan, babu motar da ke sha. Duk da haka akwai hanyoyi huɗu da iskar kan iya isa hannun mutumin ƙauye, a Jazira ko a Damagaram ko a Katsina.

Ta farko ita ce balan-balan mai tashi sama da ake sayar wa yara ranar Sallah da Mauludi da wurin biki. Ƙa'ida ita ce a cika shi da hiliyam, iskar da ba ta cin wuta, amma tana da tsada kuma daga waje ake kawo ta. Shi ya sa a ƙasashe da yawa masu sana'ar ke haɗa haidurojin da kansu a cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe da aka rufe ruf, da sodar sabulu da tarkacen alminiyam. Haɗin yana fitar da zafi, matsi yana ta hawa, babu agogon aunawa, babu mafitar kariya. Ko balan-balan ɗin da aka riga aka cika ma ba abin wasa ba ne: ranar 4 ga Mayun 2012, a wani gangamin siyasa a Yerevan, babban birnin Armeniya, tarin balan-balan ya kama da wuta a kan jama'a, mutum fiye da 140 suka ƙone.

Ta biyu ita ce kasuwar gwangwan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ake ta ba da rahoton wawushe masana'antu da ɗakunan gwaji da asibitoci a Khartoum da Bahri, daga baya kuma a Wad Madani, wadda ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023 kafin sojoji su karɓe ta a Janairun 2025. Ƙarfen da aka kwasa daga irin waɗannan wurare yakan yi ta sauya hannu har ya ƙare a wurin mai walda ko mai sayen tsohon ƙarfe. Doguwar tukunyar gas da fentinta ya goge, takardar jikinta ta ɓace, ba mai iya sanin abin da ke cikinta da ido.

Ta uku batir ne. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa gidaje da shaguna da yawa sun koma sola, kuma batir mai ruwa yana fitar da haidurojin idan caji ya yi masa yawa. Wannan ba matsattsiyar iska ba ce, ba ta kunna kanta, amma idan ta taru a rufaffen ɗaki ɗan tartsatsin cire waya ya ishe ta.

Ta huɗu wurin aiki ne. Matatun mai suna amfani da haidurojin wajen tace mai da cire masa farar wuta, masana'antun takin zamani kuma da ita suke haɗa amoniya a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Matatar Jaili a arewacin Khartoum, wadda ta ƙone a Janairun 2025, da matatar SORAZ ta Damagaram, da ta Jarmaya a Chadi, da ta Kaduna, da masana'antar takin Dangote a Legas, duk wurare ne da ƴaƴan Hausawa ke neman aiki, daga injiniya zuwa direba da lebura. Tashoshin hasashen yanayi da dama a Afirka su ma da haidurojin suke cika balan-balan ɗin da suke aikawa sama.

Wace irin iska ce?

Haidurojin ita ce mafi rashin nauyi a duk iskar da aka sani. Iskar da muke shaƙa ta fi ta nauyi sau 14. Ba ta da launi, ba ta da wari. Gas ɗin girki ma ba shi da wari a asalinsa, zuba masa ake yi don hanci ya kama shi idan yana yoyo, amma haidurojin ta masana'antu ba a saba zuba mata komai ba.

Abubuwa biyu ne suka sa ta fi sauran saurin kamawa. Na farko, faɗin iyakarta. Gas ɗin girki ba ya cin wuta sai ya kai tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na iskar wurin. Idan ya gaza haka ko ya wuce haka, ko an ƙyasta ashana ba zai tashi ba. Haidurojin tana ci daga kashi 4 har zuwa kashi 75. Na biyu, ƙanƙantar tartsatsin da take buƙata, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da gas ɗin girki ke nema ba. Ɗan jan da mutum ke ji a yatsa idan ya taɓa ƙofar mota a lokacin hunturu ya ninka abin da take buƙata sau da yawa. Tartsatsin da fata ba ta ma ji ba yana iya tayar da ita.

Sai dai akwai abin mamaki. Idan zafi zalla za a yi amfani da shi, ba tare da tartsatsi ba, haidurojin ba ta kamawa sai an kai digiri 500 da ɗoriya a ma'aunin Selshiyas. Littattafai da yawa suna ba da 585. Fetur da dizal suna kamawa a ƙasa da haka nesa. To daga ina zafin digiri ɗaruruwa zai fito a bakin tukunya mai sanyi da ke jingine a inuwa?

Yadda take kunna kanta

Amsar tana cikin injin da kowane manomin rani a bakin Nilu ya sani, wato injin ban-ruwa mai shan dizal. Injin fetur yana da filogi mai ba da tartsatsi. Injin dizal ba shi da shi. Fistin ne ke danne iska da sauri cikin ɗan ƙaramin wuri har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai a fesa mata mai, ya kama da kansa. Mai faci ma ya san bakin famfon keke yana ɗumi idan aka yi ta bugawa. Iska idan aka matse ta da sauri, zafi take yi.

Ana auna matsi da ma'aunin bar. Bar 1 shi ne kusan nauyin iskar da ke kanmu kullum. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar bar 2 da ɗoriya. Tukunyar gas ɗin girki ba ta cika wuce bar 15 ba ko a tsananin zafin bazara. Doguwar tukunyar haidurojin ta masana'antu kuwa ana cika ta zuwa bar 150 ko 200, motocin haidurojin da ake ƙerawa a Japan da Koriya ta Kudu kuma tankinsu na ɗaukar bar 700.

Idan aka buɗe wa iska mai irin wannan matsi hanya farat ɗaya, ko bawul ya ɓalle, ko faifan kariya ya fashe, haidurojin kan fito da gudun da babu wani gas da ke yin irinsa, saboda rashin nauyinta. Sauti ma yana gudu a cikinta kusan ninki huɗu na yadda yake gudu a iskar duniya. A nan haidurojin ce ke zama fistin. Takan tunkuɗe iskar da ke gabanta a cikin bututu da ƙarfin da iskar ba ta samun damar kaucewa, sai ta dunƙule ta zama igiyar matsi mai gudu fiye da sauti. Iskar da igiyar ta bi ta kanta tana ɗaukar zafi nan take. Daga tukunya mai bar 150, zafin yana iya haura digiri 1,000.

Yanzu ga iska mai tsananin zafi a gaba, ga haidurojin mai sanyi a bayanta tana turo ta. A inda suka haɗu sukan ɗan cakuɗu, kuma a wannan siririn layin wutar ke tashi. Duk abin yana faruwa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Mai riƙe da sifana ƙara kawai zai ji.

Wasu masana biyu ƴan Poland, Wolanski da Wojcicki, su ne suka fara bayyana wannan a farkon shekarun 1970. A 2007 Frederick Dryer da abokan aikinsa a Jami'ar Princeton ta Amurka suka nuna wani abu da ya fi muhimmanci ga mai aiki da hannu: abin da ke gaban mafitar ya kusan kai matsin kansa muhimmanci. Idan iskar ta fita kai tsaye zuwa fili, igiyar takan baje ta huce kafin wuta ta kama. Idan kuwa akwai ɗan bututu a gaba, ko gwiwa, ko mahaɗa, ko wani abin da igiyar za ta daka ta dawo, zafin yakan ƙaru, cakuɗuwar ta yi kyau, wuta ta samu lokacin kafuwa. A irin wannan yanayi sun ga haidurojin ta kama a matsin bar 20 da ɗoriya kawai, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na cikakkiyar tukunya. Gwaje-gwajen da aka yi a Japan da Rasha sun ƙara nuna cewa ƙarin tsawon bututu, zuwa wani mizani, yana sauƙaƙa kamawar, haka ma saurin buɗewar hanya.

Ma'anar wannan ita ce tukunyar da ake ganin ta kusa ƙarewa ba ta fita daga haɗari ba, kuma guntun bututun da aka ɗaura don a karkatar da iskar waje yana iya zama shi ne murhun.

Gas ɗin girki ba ya yin haka, domin yana da nauyi kuma matsinsa kaɗan ne, igiyar da yake tayarwa ba ta da ƙarfi. Gas ɗin mota na CNG da ke yaɗuwa a Najeriya ana matse shi har bar 200, kuma binciken Princeton ya nuna shi ma yana iya kamawa ta wannan hanya, amma sai da matsin da ya fi na haidurojin yawa.

Ƙura, tsatsa da busasshiyar iska

Igiyar matsi ba ita kaɗai ce hanya ba. Tun a 1922 Wilhelm Nusselt na Jamus ya binciki yadda haidurojin ke kamawa a lokacin da ake sake ta, ya kuma karkata ga ƙurar tsatsa da ke fitowa daga cikin tukwane da bututu. Haidurojin tsantsa ba ta tara lantarki. Amma idan ta kwaso ƙura ko tsatsa ko ɗigon ruwa tana gudu da su, gogayyar kan tara musu lantarki, wanda zai iya tsallakawa zuwa ƙarfen da ke kusa a matsayin ɗan tartsatsi. An riga an ga yadda ɗan kaɗan ke isar ta.

Wannan ya shafi Sahel kai tsaye. Lantarkin gogayya ya fi taruwa idan iska ta bushe, kamar lokacin hunturu a ƙasar Hausa ko watannin rani a Jazira da guguwar habub ke tayar da ƙura. Rigar leda da takalmin roba suna ƙara riƙe shi a jikin mutum. A Maris na 2016, a wani ɗakin gwaji na Jami'ar Hawaii, tankin da aka cakuɗa haidurojin da oksijin a ciki ya fashe, wata mai bincike ta rasa hannunta, kuma masu bin bahasi sun ɗora laifin a kan lantarkin gogayya, domin ba a haɗa tankin da ƙasa ba.

Akwai kuma wani bayani da ya yaɗu wanda lissafi bai goyi bayansa ba. Yawancin gas sanyi yake yi idan ya fita ta ƙaramar kafa, haidurojin kuwa ɗumi take yi, sai wasu suka ɗauka wannan ɗumin ne ke kunna ta. Ko daga bar 500 aka sake ta, ƙarin zafin bai kai digiri 20 ba. Tsakanin 20 da 500 akwai nisa.

Abin da ya faru a wasu wurare

Ranar 8 ga Janairun 2007, a tashar lantarki ta Muskingum River da ke jihar Ohio a Amurka, ana cikin sauke haidurojin daga tanka sai faifan kariya na ɗaya daga cikin tankokin ajiya ya fashe kafin lokacinsa. Bututun da ya kamata ya kai iskar sama bai jure ba, ta taru a ƙarƙashin rumfa, ta fashe. Direban motar ya mutu, wasu kusan goma suka jikkata.

Ranar 4 ga Mayun 2012, a tashar da ake ɗura wa motocin bas haidurojin a Emeryville ta jihar Kaliforniya, wani bawul na kariya ya karye saboda an ƙera wani sashensa da irin ƙarfen da haidurojin ke sa shi tsagewa. Kusan kilo 300 na iskar suka fita ta bututun sama, ta kama da wuta a bakinsa, ta yi ta ci sa'o'i biyu da rabi. Babu wanda ya ji rauni, domin bututun yana kallon sama, can nesa da mutane. Bambancin Ohio da Emeryville ke nan: a ɗaya iskar ta samu rufin da za ta taru, a ɗayan ta samu sarari.

Ranar 10 ga Yunin 2019, gidan ɗura haidurojin a Sandvika, kusa da Oslo babban birnin Norway, ya fashe da ƙarfin da ya sa jakunkunan kariya na motocin da ke wucewa suka buɗe, aka kai wasu asibiti. Bincike ya gano inda iskar ta tsere: wani marfi ne na tankin babban matsi da ba a ɗaure kusoshinsa yadda ya kamata ba. Abin da ya kunna ta kuwa ba a iya tsayar da shi ba. Kamfanonin Toyota da Hyundai sai da suka dakatar da sayar da motocinsu na haidurojin a ƙasar na wani lokaci.

Afirka ta Yamma ma tana da nata labarin. A 1987 masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Burakebugu, kimanin kilomita 60 daga Bamako a Mali, ba su samu ruwa ba, sai wata iska da ke fitowa daga ramin. Wani ya leƙa da sigari a baki, ta tashi da shi ya ƙone, aka ɗauki makonni kafin a kashe wutar a toshe rijiyar. Bayan shekaru fiye da ashirin kamfanin ɗan kasuwar nan Aliou Diallo ya sake buɗe ta, aka auna aka ga kashi 98 cikin 100 haidurojin ce, kuma a 2012 aka fara ba ƙauyen lantarki da ita. A Burakebugu an san abin da ya kunna wutar. Darasin wurin shi ne iskar ba ta da wata alama da ke sanar da mutum ko wace ce ita.

Wutar da ido ba ya gani

Haidurojin idan ta ƙone tururin ruwa take zama, ba ta hayaƙi. Harshenta shuɗi ne mai haske ƙwarai, da rana kusan ba a ganinsa, zafinsa kuma yana kai digiri 2,000. Ba ya kuma jefo zafi nesa kamar wutar itace ko ta fetur, saboda haka mutum na iya matsowa bai ji komai ba sai ya shiga cikinsa. Ma'aikatan hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, a da sukan riƙe tsintsiya a gabansu idan suna zargin akwai irin wannan wuta. Idan bakin tsintsiyar ya kama, sun san inda take. Alamomin da suka rage su ne ƙarar fitar iska mai kama da fito, da rawar da iska ke yi kamar ta kan kwalta da tsakar rana.

Sanin wannan yana da wani amfanin. An ce ruwa ba ya tsami banza, kuma idan wuta ta tashi ba a ga mafarinta ba, zargi kan faɗa kan yaron shago cewa ya sha sigari, ko kan maƙwabci cewa da gangan ne. A yankin da yaƙi ya bar mutane suna kallon juna da tuhuma, irin wannan zargi ba ƙaramin abu ba ne. Matsattsiyar haidurojin tana iya tashi ba da hannun kowa ba face wanda ya murɗa bawul.

Al'adar da ta dace da wani gas, ta zama ajali a wannan

Masu walda da yawa sun koya daga iyayen gidansu cewa kafin a ɗaura wa tukunyar oksijin na'urar rage matsi, a ɗan buɗe bawul ɗin a rufe da sauri, ya yi "fis", don ya hure ƙurar da ke bakinsa. Ƙa'idojin kamfanonin gas sun hana yin haka da haidurojin ƙwata-ƙwata, domin wannan ɗan "fis" ɗin ya haɗa duk sharuɗɗan: babban matsi, buɗewa farat ɗaya, ɗan lungun bakin bawul, da ƙura. Haka nan mai sayen gwangwan da ya saba buɗe tukunya gaba ɗaya don ta huce kafin ya yanka ta, ko ya doke kan bawul ɗin da guduma.

Oksijin ma, wadda ta fi yawa a shagunan walda da asibitocin karkara, tana da nata nau'in wannan haɗari. Idan aka buɗe ta da ƙarfi, iskar da ta danno cikin na'urar rage matsi takan yi zafi nan take, kuma idan akwai maiko ko giris a wurin sai ya kama, har ƙarfen ya ci. Shi ya sa ba a shafa wa kan tukunyar oksijin mai, ba a kuma taɓa shi da hannu mai maiko.

Ga abubuwan da masana kare haɗurra suka yi ittifaƙi a kansu:

- A duba rubutun jikin tukunya. Haidurojin tana ɗauke da harafin H da ƙaramar lamba 2, ko lambar UN 1049. A tsarin Turai kafaɗar tukunyar ja ce, amma launi yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, fenti kuma ana sake shi.
- Zaren bakin tukwanen gas masu cin wuta yawanci na hagu ne, ana ɗaure shi ta baya. Idan na'urar oksijin ta ƙi shiga, gargaɗi ne. Kada a ƙera mata mahaɗa.
- A ɗaura na'urar rage matsi tukuna, sannan a buɗe bawul a hankali, mutum yana tsaye a gefe, ba a gaban mafita ba.
- A nemi yoyo da ruwan sabulu. Kada a gwada da ashana.
- Gas ɗin girki ƙasa yake kwanciya, haidurojin sama take hawa. Ɗakin da ke da batir ko tukunya yana buƙatar mafita a can saman bango, kusa da rufi.
- Tukunyar da ba a san abin da ke cikinta ba, kada a buɗe, kada a yanka, kada a yi mata walda. A ajiye ta a fili cikin inuwa, nesa da gidaje, a sanar da ƴan kwana-kwana ko jami'an tsaron farar hula.
- Idan haidurojin ta kama a bakin tukunya, ba a kashe harshen sai an iya tsayar da iskar daga tushe. Harshen da aka kashe iskar na ci gaba da fita yana barin ta ta taru, kuma fashewar da za ta biyo baya ta fi wutar muni. A janye mutane, a sanyaya abin da ke kewaye da ruwa daga nesa.
- Tukunyar haɗin gida ta mai balan-balan ba ta da wurin zama a tsakiyar yara. Iyaye na da haƙƙin tambayar da me aka cika balan-balan, kuma kada a kai shi kusa da kyandir, murhu ko turaren wuta.

Abin da ke tafe

Haidurojin za ta ƙaru a Afirka, ba raguwa za ta yi ba. Muritaniya da Maroko da Masar da Namibiya duk sun sanar da manyan shirye-shiryen samar da ita daga hasken rana da iska, rijiyar Burakebugu kuma ta sa kamfanoni na neman irinta a ƙarƙashin ƙasa a nahiyoyi da dama. Ranar da aka koma gyaran matatu da masana'antun Sudan, tukwane da tankoki za su bi hanyar Wad Madani zuwa Sinnar kamar yadda sauran kaya ke bi.

Injiniyoyi sun riga sun san abin yi: bawul mai buɗewa sannu a hankali, bututun fitarwa mai kallon sama ba rufi a kansa, kora iskar cikin bututu da naitirojin kafin a saki haidurojin, da haɗa kowane ƙarfe da ƙasa. Gibin yana wurin waɗanda ke ɗauka, su sauke, su ɗaure, su kwance. Gargaɗin da ke jikin tukunya da Turanci ko Faransanci ko Larabci ake rubuta shi, yaron shago kuwa daga bakin maigidansa yake koyon sana'a. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya faru a Ohio da Oslo ya isa ya sa maigida ya ƙara wa yaransa ƙa'ida guda a kan ta ashana da sigari: doguwar tukunya, a san abin da ke cikinta kafin a taɓa, kuma ko an sani, a hankali ake buɗe ta.